Amsa ga wanda ya ce ba da labari ba aikin mai bincike ba ne

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

A wajen taron sauyin yanayi da lafiya ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: me zai sa mai bincike ya ajiye alƙaluma ya koma ba da labari, ashe ba zubar da mutuncin ilimi ba ne? Lokaci ya ƙure ban amsa yadda nake so ba. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan ba ka amsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa daga 2030 zuwa 2050 sauyin yanayi zai riƙa janyo ƙarin mutuwar kusan mutum 250,000 duk shekara, ta hanyar tamowa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tsananin zafi. Babu wanda bai haddace wannan adadi ba a fagenmu. To tsakaninka da Allah, gwamnatoci nawa ka ga sun taɓa kasafin kuɗinsu saboda shi? Ko a babban taron yanayi na duniya, sai a 2023 a Dubai aka fara ware rana guda don lafiya, bayan an shafe kusan shekara 30 ana taruwa.

Yanzu dubi Ella Adoo-Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara 9 da asma ta yi ajalinta a Landan a 2013. Gidansu yana dab da wata babbar hanya mai cunkoson motoci, kuma cikin shekara uku an garzaya da ita asibiti kusan sau 30. Binciken farko kan mutuwarta ko ambaton iska bai yi ba. Mahaifiyarta ta ƙi haƙura. Sai Farfesa Stephen Holgate, masanin cutar asma, ya ɗauko ranakun da aka kai yarinyar asibiti, ya jera su da abin da na'urorin auna iska na kusa da gidan suka nuna, ya ga ciwon yana tashi ne lokacin da gurɓatar iska ta yi sama. A Disamban 2020, a bincike na biyu, aka yanke cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya kashe ta, karo na farko ke nan a Birtaniya da aka rubuta haka a matsayin musabbabin mutuwar wani. An daɗe da sanin cewa gurɓatar iska tana kashe kusan mutum miliyan 7 a shekara, kuma wani babban kaso na hayaƙin da ke shaƙe huhu daga man da ke ɗumama duniya yake fitowa. Amma sai da aka ji sunan yarinya ɗaya hankalin mutane ya tashi. Ka lura kuma, ba don ma'aunin Holgate ba, da kukan uwar ya tsaya a ta'aziyya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A Ahmedabad ta Indiya ma haka. A watan Mayun 2010 zafi ya kai kusan digiri 47. Masu bincike suka bi rajistar mamata suka gano ƙarin mutum 1,344 a kan abin da aka saba gani a wannan wata. Ba su tsaya a wallafawa a mujallar kimiyya ba, suka zauna da hukumar birnin, a 2013 aka fito da tsarin tunkarar zafi: gargaɗi mai launi-launi, saƙonni ta waya, alluna a tituna, horar da ma'aikatan asibiti su gane bugun zafi da wuri, daga baya har da shafa wa rufin gidaje farin fenti. Binciken da ya biyo baya ya ƙiyasta ana tsirar da sama da rai 1,100 a shekara. Leburan da ya ga gargaɗi ya nemi inuwa da tsakar rana bai taɓa karanta wata mujalla ba, kuma ba ya bukata.

Tsoronka yana da tushe, ban raina shi ba. Akwai masu ɗaukar hoton uwa tana kuka bayan ambaliya, su liƙa wa sauyin yanayi komai, har ɓarnar da toshewar magudanar ruwa ta jawo. Ranar da aka kama su da ƙari, mu duka ake daina yarda da mu. Shi ya sa ni ba na ba da labarin kowa sai ya amince kuma ya ji yadda zan faɗe shi, ba na faɗin abin da alƙalumana ba su kai ba, kuma dole mai sauraro ya tashi da sanin wanda ke da alhakin gyara da abin da za a nema a wurinsa.

Na san kana da sakamakon bincike a hannu. Kafin ka tura wa mujalla, ka gwada bayyana shi cikin minti biyu ga ɗaya daga cikin mutanen da ka tattara bayanansu. Tambayar da zai yi maka nake so ka zo mini da ita a haɗuwarmu ta gaba.

Wassalam,
Ɗan'uwanka a fagen bincike