Wasiƙa zuwa ga aminina game da sana'ar ɗaukar hoto a Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso gare ni, na kuma ga tambayar da ka yi, wato ko har yanzu ɗaukar hoto yana riƙe mutum a Kano, tunda ga waya mai kyamara a aljihun kusan kowa. Na ga ya fi dacewa in zauna in ba ka amsa a rubuce, domin maganar ta fi ƙarfin gajeren saƙon murya.

Gaskiya ne cewa wani ɓangare na kasuwar ya tafi. Za ka tuna yadda samari da 'yan mata suke yin layi a ƙofar shagon hoto ranar Sallah, kowa sanye da sabon ɗinki, a tsaya gaban labule mai zanen furanni, sannan a jira kwanaki kafin a wanke fim a ga abin da ya fito. Wannan layin babu shi yanzu. Abin da ya rage mana shi ne hidimomin jama'a: ɗaurin aure, kamu, suna, saukar Alƙur'ani, yaye ɗaliban Islamiyya, naɗin sarauta da tarukan ƙungiyoyin unguwa. Da su nake cefane, kuma na gode wa Allah. Ba don kyamarata ta fi waya tsada ake kirana ba. Ana kirana ne don na san mutanen, na san abin da zai faru kafin ya faru, na kuma san inda ya kamata in tsaya.

Ɗauki misalin sauka. Idan yaro ya durƙusa gaban malaminsa da allon zayyana, ya fara karanta farkon Baƙara, duk wayoyin da ke wurin a kansa suke. Ni ma ina ɗaukarsa, amma ina ajiye ido ɗaya a kan mahaifinsa, domin na san akwai lokacin da dattijon zai sunkuyar da kai ya sa bakin babbar riga ya share ido. Bai wuce ƙiftawa ba, kuma wanda bai saba halartar sauka ba ba zai san da zuwansa ba. Idan na kai musu hotunan, wannan ne suke daɗewa suna kallo, shi ne kuma ake sa wa gilashi a rataye a ɗaki.

Akwai kuma batun amana, wanda a wurina ya fi iya sarrafa na'ura muhimmanci. Ka san al'adarmu: gidan da aka rubuta "ba a shiga" a zaurensa, ba a shiga ɗin. Saboda haka na koya wa ƙanwata riƙon kyamara, ita take shiga cikin gida ranar kamu ko wunin biki, ni kuma in tsaya wajen maza. Matar da ta ce kada a ɗauke ta, ba a ɗaukarta, kuma hoton biki ba ya fita daga hannuna zuwa Facebook ko TikTok sai da izinin masu shi. Na ga auren da hoto guda ya jefa cikin rikici saboda wani ya yaɗa shi ba tare da tunani ba, kuma ba na son hannuna ya shiga irin wannan.

Lokacin da aiki ya fi yawa, kamar yadda za ka zata, shi ne hawan Sallah. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya waɗanda ba kayan da ake iya taɓawa da hannu ba ne, abin da ya faranta mana rai ƙwarai. Baƙi masu manyan kyamarori sukan zo, kuma hankalinsu yakan tafi kan Sarki a ƙarƙashin laima, da dogarai, da 'yan lifidi. Ni kuwa masu ba ni aiki su ne gidajen da suka fito da dawakai: ɗan hakimin da aka ɗora kan sirdi karo na farko, zagin da ke riƙe da linzami, da bawan Allahn da ya kwana yana wanke doki yana ɗaura masa kayan ado, wanda sau da yawa ba wanda yake tunawa da shi. Hawan Daushe shi ne mai wahala, domin da yamma ake yinsa, kuma kafin tawaga ta ƙarshe ta iso Ƙofar Kudu rana ta yi ƙasa, ƙura ta turnuƙe. Idan mahaya suka sako dawakai a guje don yin jafi, sai na sa kyamara ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa, in ba haka ba ƙafafun dokin su fito a jirkice. Ba na kuma kuskura in sauya gilashin kyamara a cikin wannan ƙura. Hawan Nasarawa da safe ne, haskensa mai taushi, aikinsa ya fi sauƙi.

Wasanni kuwa ba su cika kawo kuɗi ba, amma ba na iya barinsu. Nakan je filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata idan Kano Pillars tana gida, kuma kai da ka ga shekarun da ta ɗauki kofin firimiya sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014, ka san yadda filin yake amsawa idan aka ɗauki "Sai Masu Gida". Sai dai yawancin ƙwallon da nake ɗauka ta unguwa ce, a filayen makarantu, inda ake farawa bayan la'asar, a tashi dab da magariba, kuma kafin a dawo daga hutun rabin lokaci haske ya fara gudu. Yaran nan suna zuwa su roƙe ni hotonsu da ƙwallo a ƙafa, domin su tura wa masu neman 'yan wasa, kuma nakan rage musu farashi, don na san daga ina kuɗin ya fito.

A gidan dambe kunne ya fi ido amfani. Idan makaɗi ya canza taken kalangu ya shiga kirarin ɗan damben, to ka shirya. Ba na kallon hannun da aka naɗe da zare; ƙafar gaba nake kallo, domin ita take fara motsawa kafin naushi ya tashi. Idan aka yi kisa, wato ɗaya ya kai ƙasa, ina ɗauka, amma ba na sayar da hoton da ya nuna mutum kwance cikin wulaƙanci. Shi ma yana da iyaye da 'ya'ya, kuma gobe yana iya zama shi ne a tsaye.

Wataƙila za ka yi mamaki idan na ce maka ana kirana ɗaukar dabbobin gida. Masu kiwon tattabaru su ne kan gaba, kuma suna da tsananin kula: mutum zai nuna maka launin wuya da gashin ƙafa, ya ce lallai su fito. Da sassafe nake zuwa musu, lokacin da ake buɗe akurki ana watsa hatsi. Akwai masu mage, da masu aku, da 'yan farauta masu son a ɗauke su tare da karnukansu. Dabba ba a ɗaukarta daga tsaye. Sai ka durƙusa har idonka ya yi daidai da nata, kuma ba a haska wa mage fitilar kyamara, domin idanunta za su fito kamar garwashi. Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne ragon layya. Yaran da suka yi watanni suna ba shi dusa da harawa sukan matsa wa mahaifinsu a kira ni ranar jajibere, su rungume wuyansa a ɗauke su tare.

Abin da ke damuna a yanzu shi ne mutane sun daina wanke hoto. Kowa cewa yake a tura masa ta WhatsApp, ga shi manhajar tana rage wa hoto inganci, wayar kuma ta faɗa ruwa ko a sace ta, shi ke nan tarihin gida ya tafi. Shi ya sa nake ajiye duk aikina a ma'ajiya biyu, da kwanan wata da sunan unguwa, kuma ko mai biki bai nema ba nakan wanke masa 'yan kaɗan a takarda. Sau da yawa idan an yi rasuwa, bayan an share makoki, 'ya'yan mamacin sukan zo su tambaye ni ko ina da hoton mahaifinsu, sai in same shi a gefen wani ɗaurin aure, yana dariya cikin abokansa. Har gine-gine ma haka ne: tsohuwar Ƙofar Na'isa, wadda aka rushe a 2010 lokacin faɗaɗa titi kafin a sake gina ta, tana nan a bayan mutane cikin wasu tsofaffin hotunana.

Game da tsarabar da ka ce in zaɓa, idan da hali ka taho min da batir biyu na Canon da katin ajiya mai sauri. Zan turo maka lambarsu ta waya don kada a ba ka wanda bai dace ba. Idan kuma za ka iya daidaita hutunka da Ƙaramar Sallah, ka zo da yaran, ina so in ɗauke su tare da kakarsu. Ka gaishe min da mai ɗakinka da su duka, mutanen gida ma suna gaishe ka.

Wassalam.

Naka amini,
daga Kano.