Godiya ga sashen kula da kwamfutoci na wurin aikinmu

Assalamu alaikum. Na ga ya dace in yi wannan godiyar a fili kowa ya gani, domin aikin da kuka yi mana kan rufaffun faifan nan ba ƙarami ba ne kuma irin aikin da ba a gani ne, in komai ya tafi daidai ba mai tunawa da ku.

Mu dai abin da muka sani an kulle mana faifai na biyu da fasuwod, nan muke zuba takardun aiki, shikenan hankali kwance. Injiniyarku ce ta ce a'a da sauran aiki, ta zaunar da mu ta buɗe folda mai suna Prefetch a cikin Windows, sai ga ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .pf rututu, ta buɗe ɗaya da wata manhaja wallahi sai ga sunan shirin da na yi amfani da shi, lokacin da na buɗe shi, har da sunayen fayilolin da ya taɓa. Ta ce tun zamanin Windows XP sistem ke wannan rubutun don ya san abin da zai fara ɗaukowa in an kunna, ya tashi da wuri, amma a faifan C, wato babban faifan da Windows ke zaune a kai, yake ajiye shi, shi kuwa namu C ɗin a buɗe yake.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne Fast Startup, wanda ya zo da Windows 8 a 2012. Ashe in ka danna kashewa ba mutuwa kwamfutar take gaba ɗaya ba, tana kwashe abin da ke memori na zuciyar sistem da direbobi (ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta) ta zuba a wani fayil mai suna hiberfil.sys a faifan C, da safe ta ɗora daga nan, to in ba a rufe faifan sirrin ba kafin nan makullinsa zai iya bin wannan kayan ya kwanta a faifan da ba kulle. Ka garƙame ɗaki ka bar makulli a taga kenan.

Abin da ya burge ni, ba ku bi hanyar sauƙi kun kakkashe komai kun bar mu da injin da ke jan ƙafa ba. Kun kulle C ɗin duka da BitLocker, manhajar Windows ta kulle faifai, yadda Prefetch da sauran tarkacen suka shiga cikin kulle, kuka kashe Fast Startup kawai, kuka sa kowa ya adana makullin ceto, wato lambobin da ake buɗe faifan da su in an samu matsala, a wani wuri daban da kwamfutar. Na yi tsoron za ta yi nauyi, gaskiya ban ji wani bambanci ba, injiniyar ta ce furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na yanzu suna da wata fasaha mai suna AES-NI da ke ɗaukar nauyin kullewa da buɗewa.

Hajiya, haƙurin da kika yi da tambayoyinmu, wasu ma sau biyu sau uku, Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira, ke da duk abokan aikinki. Roƙona ɗaya, 'yan uwanmu da ke aiki daga nesa har yanzu ba a taɓa laftof ɗinsu ba, don Allah a sa musu rana su ma.

Naku,
wani ma'aikaci a sashen lissafi