Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyar Direbobi, Kanikawa da Masu Janwe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, dattawanmu, shugabannin gareji, direbobi, masu janwe da yaranmu masu koyon sana'a, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara. Ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar a madadinku. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, shi zai karanto shi da kansa ranar babban taro.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne duban mota kyauta da muke yi duk Asabar ɗin farkon wata a filin gareji. Mun fara shi ne saboda abin da kowa ya shaida tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023: kuɗin da direba ya saba warewa don juye, wato canza baƙin mai, da sayen filta yanzu tanki ne ke cinye shi. Sai mutum ya yi ta ɗaga ranar juye, wannan mako zuwa wancan, har baƙin mai ya yi kauri ya daina zagaya inji yadda ya kamata. Kanikawanmu kan zaro sandar awon mai su goga a farin tsumma a gaban mai motar, ya gani da idonsa. Daga nan a buɗe filtar iska. A lokacin hunturu akwai wadda in an buga ta da ƙasa sai ƙura ta turnuƙe wurin, kuma mai motar yana ta kukan ta faye shan mai. A duba man birki, a duba fanbel ko ya fara tsagewa, a goge kan batir, a kunna fitilu da sigina ɗaya bayan ɗaya.

Abu biyu suka fi damun kwamiti a wannan duban. Na farko shi ne zuba tsuran ruwan rijiya ko na famfo a lagireto. Ruwan nan yana barin gishiri da tsatsa, ƙananan hanyoyin lagireto su toshe, ranar da aka shiga zafin bazara a hanyar Wudil sai mota ta ɗau zafi, gasket ya ƙone. Mun kuma roƙi kanikawa su daina cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da sunan wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Injin da bai kai zafin aikinsa ba mai yake sha, kuma yana saurin cinyewa. Wasu daga cikin manyanmu ba su gamsu ba tukuna, muna ci gaba da tattaunawa da su cikin girmamawa.

Na biyu taya. A nan mun daɗe, domin nan rai yake. Mun yi zama na musamman da masu faci, aka koya wa kowa karanta lamba huɗun nan da ke jikin taya bayan haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare, ko da zanenta na nan raɗau. Zanen kuma kada ya gaza milimita 1.6. Mun san dalilin da ke kai ɗan'uwa ga tayar kwance, sabuwa ta yi tsada, ba wanda zai musa. Amma araha ba ta ado, tsohuwar roba da ta bushe ba ta jure kwalta mai zafi da lodi. Don haka muka buɗe adashin taya, kowane wata a haɗa wa wanda layi ya zo kansa ya sayi sababbi. Iska kuma a auna ta da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a daina auna ta da bugun ƙafa.

Ta fuskar takardu, mun taimaka wa membobi sabunta lasisin tuƙi, takardar lafiyar mota da inshora. Muna tunatarwa cewa inshorar ɓangare na uku ta motar gida, wato wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 tun farkon 2023. Wanda aka ba shi takarda ƙasa da wannan farashi ya kawo a duba masa sahihancinta.

Yanzu maganar jan mota, wadda ita ce ta fi tsaya mana a rai. Yawancin kiran da masu janwenmu suka amsa bana a kan hanyar Zariya, ta Katsina da ta Maiduguri, ba haɗari ba ne. Fanbel ne ya tsinke, ko mota ta ɗau zafi, ko taya ta fashe babu safaya. Abubuwa ne da duban Asabar zai iya kamawa tun mota tana gida, kuma kuɗin jan mota sau ɗaya daga wajen gari ya isa a yi mata juye a sauya filta. Wannan ne ya sa kwamiti ke ganin ya fi kyau ƙarfin ƙungiya ya koma kan duba kafin tafiya.

Amma in lalacewar ta riga ta faru, yadda ake ja shi ne abin tsoro. Har yanzu ana ganin mota tana jan 'yar'uwarta da igiyar ɗaure kaya, ko da tsohon bel da aka ƙulla, cikin dare, ta bayan ba fitila ko ɗaya. Ya kamata kowane yaro a garejinmu ya san cewa da zarar inji ya mutu, birki yakan yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, domin abin da ke taimaka masa da inji yake aiki. Sitiyari ma haka, yana yin nauyi. Idan kuma an zare makulli, sitiyarin zai iya kullewa a tsakiyar kwana. Na gaba ya taka birki, na baya ya taka bai samu ba, shi ke nan. Igiya kuma in ta yi sako-sako ta sake miƙewa da ƙarfi, ko ta tsinke ko ta fizge bamba, ga masu babur da ke kutsawa tsakanin motocin biyu ba su ma lura da ita ba.

Saboda haka babban zaman tsakiyar shekara ya yanke cewa ɗan ƙungiya ba zai ƙara jan mota da igiya a babbar hanya ba. An sa maƙera sun haɗa mana ƙarafan ja, suna ajiye a ofis, mai buƙata ya sa hannu ya ɗauka ya dawo da shi. Ana ɗaura ƙarfen a ƙugiyar da kamfani ya tanada, ba a jikin bamba ko tairod ba. Mota mai giyar otomatik kuwa ba a jan ta nesa tayoyin da ke tuƙa ta suna ƙasa, domin famfon man giyabos ba ya aiki in inji a kashe yake, sai giyabos ɗin ya ƙone. Irin wannan ɗora ta ake yi a kan janwe mai shimfiɗa, ko a ɗaga tayoyin. Dokokin hanya na ƙasa sun taƙaita gudun janwe yayin da take ja a kilomita 45 cikin awa ɗaya, a cikin gari ne ko a babbar hanya, kuma mun sa an rubuta wannan a gaban kowace janwe tamu.

Mun raba alamar tsayawa mai kusurwa uku ga waɗanda ba su da ita. Ganye da duwatsun da ake jerawa a kan titi ba sa haskawa da dare, kuma sau da yawa ana tafiya a bar su su zama tarko ga mai zuwa. Wanda ya ga haɗari ya kira 122, layin gaggawa na Hukumar Kiyaye Haɗurra, kafin ya kira mu.

Mun yi rashin 'yan'uwa a cikin shekarar nan, kwamiti ya je ta'aziyya ya kuma miƙa gudummawar ƙungiya ga iyalansu. Allah ya jiƙansu da rahama, ya sa Aljanna ce makoma.

Abin da bai kammalu ba shi ne littafin tarihin mota, wanda za a riƙa rubuta ranar juye da kilomitar da aka yi shi. An buga, amma kaɗan ne ke cikawa. Haka kuma direbobin da ke lodin asuba ba sa samun zuwa duban Asabar, muna neman shawararku ko a ƙara musu wata rana da yamma. Horon yaran gareji kan ɗaure mota a janwe zai fara bayan babban taro, shugabannin gareji su kawo sunayen yaransu. Ranar taron kowa ya zo da katinsa na ƙungiya da littafin motarsa, masu bashin adashi kuma su ga ma'aji kafin a zauna.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin Kwamitin Gudanarwa