Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Rifita da Sa Masa Na'urar Lura Daga Nesa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu rediyon sha'awa. Aikin da kuka ɗora mana ya kammala, alhamdu lillahi, ga bayaninsa.

Kowa ya san halin da ɗakin rifitarmu, wato na'urar da ke karɓar kiran rediyo ta sake watsa shi nesa, na kusa da Goron Dutse a Kano ya shiga. Kwano ya yi tsatsa, ruwan damina na ɗiga dab da batura, ƙofa kuma da waya ake ɗaure ta. Amma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ba ma sanin rifitar ta mutu sai wani ya yi kira daga Sharaɗa ko Hotoro ya ji shiru. Kafin a samo mai mabuɗi a hau, batir ya sauka har ƙasa, batirin dalma kuwa in ya saba haka ba ya ƙara riƙe caji.

Ginin bai ba mu wahala ba. An sauya kwano, an sa silin, mai walda ya yi ƙofar ƙarfe, an huda tagogin iska biyu masu raga, an kuma binne sandar tagulla saboda tsawa. A Sabon Gari muka sayi kayan wutar.

Inda muka daɗe shi ne na'urar lura. Ƙaramar kwamfuta ce, Raspberry Pi, da aka jona wa ma'aunai. Tana duba ƙarfin batir, da wutar da sola ke kawowa, da zafin rifita, da ƙarfin da eriya ke maidowa baya, wanda muke kira SWR, har da buɗe ƙofa. Batirin bolt 12 in ya cika ya huta yakan nuna kusan 12.7, don haka muka sa da ya sauko 12 saƙo ya shigo wayoyinmu. Haka in SWR ya haura 2, domin galibi alama ce ruwa ya shiga wayar eriya ko mahaɗi ya kwance. Zafi ma ba abin wasa ba ne a garin da Afrilu ke wuce digiri 40. Yanzu in zafi ya yi yawa, fanka na tashi da kanta.

Ta layin waya bayanan ke zuwa. In sabis ya ɗauke, wata ƙaramar rediyo ce ke tura su ta APRS, tsarin aika gajerun bayanai ta rediyo da Bob Bruninga, mai lambar kira WB4APR, ya ƙirƙira, a kan megahaz 144.800. Saƙo ɗaya na ɗaukar awo biyar da alamomin kunnawa ko kashewa takwas, ya ishe mu. A nan muka yi doguwar muhawara. Wasunmu sun so a jona na'urar da baturan rifita don rage kuɗi. Muka ƙi, saboda ranar da baturan suka mutu ita ce ranar da muka fi bukatar labari. Batirinta daban muka saya mata, kuma har yanzu muna ganin daidai muka yi.

Hunturun farko ya buɗe mana ido. Caji ya riƙa raguwa kullum, muna gani a waya. Da a da ne, batir za mu zarga mu tara kuɗin sabo. Aka hau aka tarar ƙurar hazo ce ta lulluɓe faifan sola; ruwa da tsumma kawai, caji ya dawo.

An kuma sa makunnin da zai kashe rifita daga nesa. In ta maƙale tana watsawa, lambar kiranmu mai farawa da 5N, alamar Najeriya, ce ke yawo a iska, alhakin kuma a wuyanmu yake. Mutum uku kaɗai aka ba wa damar taɓa shi.

Saura abu biyu da ba na kwamiti ba ne shi kaɗai: sa wa layin data duk wata, da jeren masu hawa wanke sola daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Rasidai duka na hannun ma'aji, za a kawo su zama mai zuwa. Allah ya saka wa duk wanda ya ba da kuɗinsa ko guminsa da alheri.