A yi wa ɗaliban jinya rigakafi kafin su shiga asibiti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan 'ya'yanmu masu karatun jinya da ungozoma da ake turawa asibitoci koyon aiki a nan Zamfara.

'Yata na cikinsu. Da lokacin fitarsu ya zo, takardar shaidar lafiya kawai aka nema, ita ma hatimi aka buga mata, ko ɗigon jini ba a ɗiba ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ciwon hanta nau'in B. In allurar da aka yi wa mai ɗauke da shi ta soki yatsan ɗaliba, ya fi ƙanjamau saurin kamawa, nesa ba kusa ba. Rigakafinsa kuwa allura 3 ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Ke nan tun shigar ɗalibi makaranta ya kamata a fara, ba ana gobe za a shiga ɗakin majinyata ba. Sai a 2004 aka sa wannan allura cikin rigakafin jarirai a Najeriya, kuma mun san yara nawa a ƙauyukanmu ba a kai su ba.

A haɗa da gwajin tarin fuka, don majinyata ma suna da hakki. Wanda aka samu da cuta, a rufa masa asiri, a haɗa shi da likita, kada a kore shi.

Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta ɗauke wa iyaye kuɗin allurar.

Wani uba,
Gusau