Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Hafsan Sojin Ruwan Nijeriya

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

A watan Mayun 2021 jirgin NNS Lana ya iso Legas daga Faransa, inda kamfanin OCEA ya ƙera shi. Tsawonsa mita 60, ba kuma don yaƙi aka sayo shi ba. Na'urarsa tana harba sauti zuwa ƙasan teku, ta auna lokacin da amon ya ɗauka kafin ya dawo, da haka ake sanin zurfi, a gano dutse ko gawar jirgin da ya nutse, a sa a taswirar da matuƙa ke bi. Shekara da shekaru taswirar Turawan Ingila muke dogaro da ita a ruwanmu, saboda haka wannan abin a yaba muku ne.

To amma a wannan watan dai na Mayun 2021 jirgin fito ya kife a kogin Kwara (Neja) kusa da Wara, jihar Kebbi, da mutane fiye da 100, yawancinsu ba su fita da rai ba. A Yunin 2023 aka sake irinsa a yankin Pategi, jihar Kwara, 'yan biki ne suna komawa gida. Lodin wuce kima da ruɓaɓɓen katako da tafiyar dare ba laifin rundunarka ba ne, taswira kuma ba ta maganinsu. Abin da ke ƙarƙashin ruwa kuwa sana'arku ce.

Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya shanye garuruwa da dazuzzuka, har tsohuwar Busa. Kututturan na nan. In ruwa ya ja, wasu saura taku ɗaya su leƙo, matuƙi bai ankara ba sai ya ji ƙarar katako. Yashi kuma ba ya zama wuri guda, hanyar bara bana ta toshe. Sarkawa da Nufawa sun san kogin nan ciki da bai, amma sanin yana kan dattawa, injin kuwa yana hannun yara.

Na san Lana ba zai hau kogin Kwara ba. Sai dai ma'aikatanku sun riga sun auna kogin daga Lokoja zuwa Burutu, an fitar da taswira. Me ya hana a zarce sama da ƙananan jirage? A kai Baro, wadda aka buɗe tashar jiragen ruwanta a 2019 har yau ba a ga hada-hadar da aka yi mata alkawari ba, a wuce Jebba, a shiga tafkin Kainji har Yawuri. Kuma a riƙa maimaita awon bayan kowace ambaliya.

Kada sakamakon ya tsaya a kwamfuta, ranka ya daɗe. Ɗan fito ba ya karanta taswirar manyan jirage. Ku haɗa kai da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida a kafa alamu masu yawo a kan ruwa, a zana hanyar a allo da Hausa da Nufanci a kowace tasha, a damƙa wa sarakunan ruwa kulawa da su. A fara da mashigar kasuwar Wara.

Allah ya taimake ka.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga masarautar Yawuri