A Fitar Da Ɗaliban Darasin Rubutu Su Auna Layin Unguwa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da 'yan'uwanmu malamai masu koyar da darasin rubutu na shekarar farko a Jami'ar Jos da sauran manyan makarantun Filato. Duk shekara ana ba ɗalibai aiki a kan "matsalar gidaje a Najeriya" ko "ambaliya a birane", su kuma su kawo shafi biyar da aka kwaso daga intanet. Laifin ba nasu kaɗai ba ne. Taken ya fi ƙarfin ɗan aji ɗaya, babu inda zai kama shi. Shawararmu ita ce a raba su uku-uku, a ba kowane rukuni layi ɗaya mai gida goma zuwa goma sha biyar, da tambaya ɗaya tak.

Tambayar ta zama wadda ƙafa da ido za su iya amsawa. Misali: me ya sa ruwa ke kwanciya a ƙarshen wannan layi na Rikkos duk damina? Ko kuwa: shaguna nawa ne a wannan layi na Dilimi waɗanda a da zaure ne ko ɗakin kwana, kuma yaushe aka fasa su? Tambaya irin "wa ya kafa wannan unguwa, ta su wa ce" a ajiye ta gefe. Duk wanda ya san rikice-rikicen da suka faru a Jos a 2001 da 2008 da 2010 ya san ba ɗan aji ɗaya ake aika da ita ba.

Kafin a taɓa tef ɗin awo, a fara da gidan mai unguwa, da takarda daga sashe mai ɗauke da tambari da lambar wayar malami. Mutanen unguwa idan suka ga matasa da tef da littafi suna leƙen katanga, abin da ke zo musu shi ne hukumar raya birnin Jos (JMDB) ta aiko a sa jan fentin rusau, ko masu haraji ne. Daga nan ba wanda zai ƙara faɗa musu gaskiya, ɗan haya zai ce bai san komai ba, mai gida zai rage yawan ɗakunansa. Idan mai unguwa ya haɗa su da yaro ɗaya ɗan layin, rabin wahalar ta ƙare. A kuma gaya musu tun a aji cewa ba a ɗaukar hoton shingen jami'an tsaro, ba a ɗaukar masallaci ko coci sai da izinin masu wurin, ba a ɗaukar fuskar mutum.

Ranar farko zane kawai za a yi, da fensir a takarda mai gidan dara. A sa kibiyar arewa, a rubuta kwanan wata da lokaci. Zanen layi ya zama santimita ɗaya a matsayin mita biyar, na gida ɗaya kuwa santimita ɗaya mita ɗaya. Wanda ya cakuɗa ma'aunin biyu zai ga zaure ya fi layin faɗi. Kowane gida a ba shi lamba, kada a rubuta sunan mai shi.

Awo shi ne inda aka fi yin ɓarna, don haka bari mu ɗan tsaya a kansa. Tef mai mita 30 ya isa rukuni: ɗaya ya riƙe baki, ɗaya ya karanta, na uku ya rubuta ya kuma maimaita lambar da ƙarfi. Tef yana da fuska biyu, ta mita da ta ƙafa, kuma magina da dillalan fili a nan da ƙafa suke magana, fili hamsin da ɗari, wato kusan mita 15 da 30. Ɗalibi sai ya karanta wannan bango da ƙafa, wancan da mita, ya haɗa su a jadawali ɗaya bai sani ba. A tsayar da mita tun farko, abin da aka ji da ƙafa a juya shi nan take. Inda tef ba zai shiga ba sai a yi taku. Kowa ya taka mita 30 sau uku ya ɗauki matsakaici. Wanda ya samu taku 40, takunsa santimita 75 ne. Amma Jos ba shimfiɗaɗɗen gari ba ne, taku yana gajarcewa a hawa, saboda haka wanda aka ba layi a gangare ya sake gwada takunsa a can. Tsayin bangon da ba a shafe ba kuwa ƙirga bulo ake yi: bulo tsayinsa milimita 225 ne, idan aka haɗa da simintin da ke tsakani jeri huɗu ya kai kusan mita ɗaya, jeri goma sha biyu kusan mita uku. Kada a dogara da GPS na waya wajen auna gida, kuskurensa yakan kai mita biyar, ya fi haka a lungu, ga shi wani lungun bai kai mita biyu ba.

Masu tambayar ruwa su ari dabarar birkila. Siririn tiyo mai haske, mai tsawon mita goma da 'yan kai, a cika shi da ruwa, a fitar da kumfa duka, domin kumfa ɗaya ya isa ya ɓata karatun. A tsayar da sanda a cikin kwata a wurare biyu da ke da tazarar mita goma, a ɗaura bakin tiyon a jikin kowacce, a auna daga ƙasan kwata zuwa inda ruwa ya tsaya. Bambancin lambobin biyu shi ne gangarar kwatar. Sau da yawa za a tarar wani ya ɗaga ƙofar shagonsa ya cike kwata da kankare, ruwa ya koma baya. Su duba kuma tabon da ruwa ya bari a jikin katanga su auna tsayinsa daga ƙasa.

Idan sun ga tsaga a bango, su rubuta faɗinta da milimita, da inda ta nufa, a tsaye ko a kwance ko a karkace daga kusurwar taga. Iyakarsu ke nan. Bayan rushewar ginin makaranta a Busa Buji a Yulin 2024 kowa a garin nan ido yake sa wa tsaga, amma ɗalibin darasin rubutu ba injiniya ba ne, kada ya rubuta cewa gidan wane zai faɗi. Ya kai wa malaminsa, malamin ya san wanda zai gaya wa.

Sai hira. Mutum uku aƙalla a kan abu ɗaya: mai gida, ɗan haya ko mai shago, da tsohon magini in an same shi. Kada a tambayi dattijo "Baba, a wace shekara aka gina nan?" Zai ba da lamba don kada ya kunyata yaro, lambar kuma ba ta da tushe. A tambaye shi da abin da ya faru: kafin gobarar babbar kasuwar Terminus ne ko bayanta? Wannan Fabrairun 2002 ke nan. Ruwan ya kai na shekarar da ambaliya ta ci Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo? Wannan Yulin 2012. Zamanin Gwamna Gomwalk ko na Solomon Lar na farko? Na ɗaya 1967 zuwa 1975, na biyu 1979 zuwa 1983. Kowane rukuni ya samu mace, saboda namiji iyakarsa zaure, kuma matan gida su suka san inda ruwan wanki ke bi da ɗakin da ke yoyo. Ba a naɗar murya sai an tambaya.

Abin da baki ya faɗa sai a gwada shi da takarda da hoto. Manhajar Google Earth Pro ta kwamfuta tana da alamar agogo da ke nuna tsofaffin hotunan sama. A ɗauki hoto uku na layin a shekaru daban-daban, a rubuta kwanan da ke ƙasan kowanne, a ƙirga rufin kwano. Hoton rani ya fi, na damina gajimare da ganye suna rufe shi. Sashen nazarin ƙasa ko na tsara birane zai iya taimakawa da tsohuwar taswirar Naraguta, lamba 168, wadda Jos ke cikinta. Fayilolin lardin Filato na zamanin Turawa suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, sai dai wannan tafiyar ta malami ce, ya ɗauko kwafi ya raba wa aji.

Akwai kuma abin da Jos ke da shi wanda ba mu cin moriyarsa. Gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952 yana da filin gine-ginen gargajiya a gefensa, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Safiya ɗaya a can ta isa ɗalibi ya ga tubali da azara da zanko da indararo da ɗaurin guga da idonsa. Wanda bai san sunan abu ba, "wani irin katako" zai rubuta.

Wajen rubutun, dokar da muke so a kafa ita ce kowace jimla mai da'awa ta nuna daga ina ta fito: mun auna, mun gani, an gaya mana, ko takarda ta nuna. "Kwatar ta toshe saboda sakacin jama'a" ra'ayi ne. "Ranar kaza mun auna yashi da leda mai zurfin santimita kaza a gaban gida na 7" shaida ce. Inda mai gida ya ce an gina bene kafin gobarar kasuwa, hoton sama kuma ya nuna fili ne bayan wannan lokaci, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wanda ya fi daɗi. Saɓanin da kansa abin rubutawa ne, mai yiwuwa ginin an yi shi kashi biyu.

Shafi huɗu sun isa, da zane ɗaya da jadawali ɗaya. A karɓi littafin da suka fita da shi tare da rubutun, a ware masa kashi 30 na maki, sauran a raba tsakanin tsarin hujja da ingancin harshe. Littafin da ya dawo fes, babu gogewa babu ƙura, a kira masu shi su nuna gida na 7 a hoto. A kuma buga kwafi ɗaya na aikin a kai wa mai unguwa, domin rukunin baɗi ta ƙofarsa zai bi.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wasu malaman darasin rubutu da na tsara birane, Jos.